Lauyan da Ya Nema wa Kyan Birni Gurbi a Doka

Mutanen New York suna da labarin da suka haddace. An rushe babbar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania, gari ya farga, sai aka yi dokar kare gine-ginen tarihi. Ranar 28 ga Oktoba 1963 aka fara sarar ginin, ranar 19 ga Afrilu 1965 magajin gari Robert Wagner ya sa wa dokar hannu. Anthony C. Wood, a littafinsa Preserving New York na 2008, bai musanta zafin wannan rashi ba. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ce doka ta faɗo daga sama cikin wata goma sha takwas. Ya koma baya shekara hamsin, ya tono wani lauya da aka kusa mantawa da shi, Albert S. Bard.

A nan ne littafin ya fi armashi, domin Wood ya fahimci cewa matsalar ta shari'a ce tun kafin ta zama ta zanga-zanga. A farkon ƙarni na 20 kotunan Amurka ba su yarda hukuma ta taka wa mai fili burki don kyan gani kawai ba. Sai dai ta kawo hujjar lafiya, ko tsaro, ko tarbiyya. Shi ya sa idan gari ya gaji da manyan allunan talla, lauyoyinsa ba sa cewa allunan sun ɓata titi. Cewa suke yi iska za ta iya kayar da su kan mutane, ko gobara ta kama su, ko ɓarayi su laɓe a bayansu. Kowa ya san ba wannan ne ainihin dalilin ba. Bard ya zauna a kwamitin da magajin gari ya kafa kan allunan talla, kuma tun a 1913 ya nemi a daina wannan kewaye-kewaye, a rubuta ƙarara cewa kyan gari haƙƙin jama'a ne. Ba a saurare shi ba. Ya ci gaba da kawo maganar, shekara bayan shekara, ta ƙungiyoyi irin su City Club da Municipal Art Society.

Wood ya iya ba da labarin rigima. Babin karon da aka yi da Robert Moses, mutumin da ke juya manyan ayyukan birnin a wancan lokaci yadda ya ga dama, yana da wuyar ajiyewa. A 1939 Moses ya so ya ɗora wata gagarumar gada daga Brooklyn zuwa Battery, wadda za ta danne bakin ruwan kudancin Manhattan. Bard da George McAneny da wasu dattawa suka ja daga. Amma ba dokar birni ce ta ceci wurin ba, ma'aikatar yaƙi ta tarayya ce ta hana, aka haƙa hanyar ƙarƙashin ruwa a madadinta. Da Moses ya juya kan tsohuwar ganuwar Castle Clinton, sai da aka shafe shekaru ana fafatawa kafin ta tsira. Marubucin ya sa mai karatu ya ji abin da Bard ya ji: duk nasarar da aka samu ta roƙo da sanayya ce, gobe ana iya ƙwace ta.

Ƙofa ta buɗe a 1954, a shari'ar Berman da Parker, inda Kotun Ƙolin Amurka ta ce majalisa na da ikon neman gari ya yi kyau kamar yadda take neman ya zauna lafiya. Abin lura, shari'ar a kan rushe tsofaffin unguwanni ce a Washington. Bard ya karanta hukuncin da idon lauya, ya ga makami a ciki. Ya rubuta gajeren ƙuduri, Sanata MacNeil Mitchell ya kai shi majalisar jiha, Gwamna Averell Harriman ya sa hannu a 1956. Bard na da shekara 89 a lokacin. Dokar ba ta kare ko gini ɗaya da kanta ba, izini kawai ta ba birane su yi nasu dokokin. Mazauna Brooklyn Heights da Greenwich Village ne suka riƙe wannan izini suna matsa wa hukuma lamba. Bard ya rasu a 1963, bai ga dokar 1965 ba.

Littafin na da nauyinsa. Tsakiyarsa cike take da kwamitoci da wasiƙu da sunaye, har wanda bai san birnin ba zai riƙa komawa baya don gane wane ne wane. Na kuma so a ce an ƙara jin muryar 'yan haya da masu ƙananan shaguna, waɗanda rusau ya fi taɓawa. Duk da haka ba zan so a rage wasiƙun ba, domin a cikinsu ake ganin yadda jimlar doka ke samun siffa, a goge kalma, a sauya wata, a jira lokaci.

Tubalin da Bard ya aza ya ɗauki kaya. A 1978 kamfanin Penn Central ya kai birnin har Kotun Ƙoli don a bar shi ya ɗora dogon bene a kan tashar Grand Central, kuma alƙalai shida cikin tara suka tsaya wa dokar.