Dunton: Kufan da Ya Zama Masaukin Alfarma

Duk wanda Allah Ya hore wa abin hannu, kuma tafiya ta kai shi jihar Kolorado a Amurka, don Allah kada ya dawo bai kwana a Dunton Hot Springs ba. Kai, wurin nan ya tafi da ni!

Asalinsa ƙauyen masu haƙar ma'adinai ne da aka kafa a 1885, can cikin duwatsun San Juan, a gaɓar kogin West Dolores. Da harkar ta mutu kowa ya kama gabansa, gari ya zama kufai. A 1994 wani attajiri Bajamushe, Christoph Henkel, da abokinsa suka saye shi ɗungurungum, suka kwashe shekara bakwai suna gyara. Dabarar da suka yi ce ta burge ni: sun bar wa ɗakunan kamanninsu na da. Daga waje bukkokin gungumen itace ne da rana da sanyi suka dafa, har ka ce ina za a kwana a nan? Tura ƙofa ka sha mamaki. Gado mai laushin gaske, barguna masu kauri, banɗaki tsaf, ga ɗumi ko'ina.

Amma ruwan shi ne magana. Daga ƙarƙashin ƙasa yake ɓuɓɓugowa, jaja-jaja saboda sinadarin ƙarfe, zafinsa kan kai digiri 41. Wanda ya san Wikki na Yankari ya ƙara masa digiri goma. Kana zaune cikin tafki a fili, ruwa iya wuya, tururi na tashi, ƙanƙara ta rufe kawunan duwatsu, gajiyar shekara tana zarewa daga gaɓoɓinka. Akwai ma ɗakin da ake kira Well House, wanda aka gina shi a kan nasa marmaron. Wanka ba sai ka fita ba!

Abinci kuwa a tsohuwar mashayar garin ake ci, baƙi duka a dogon teburi ɗaya. Mai kiyaye halal ya sanar da su tun da wuri. A jikin kantar an sassaƙa sunan Butch Cassidy, ɗan fashin da ya yashe bankin garin Telluride a 1889. Ko hannunsa ne ko na wani mai barkwanci, sai da na shafa.

Kuɗin kwana ɗaya ya haura dala 1,000, har da abinci, kuma wallahi ban ji ciwonsa ba. Wurin yana kan tudu da ya ɗara mita 2,600 a tsawo, don haka ranar farko a bi a hankali, numfashi kan yi wuya.