Wa Ake Ɗauka, Wa Ake Bari? Nazarin Ƙungiyar Samari a Ƙasar Funtua da Malumfashi

A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin ɗalibai masu sunaye da haruffan Girkanci, na maza daban, na mata daban. Ta farkonsu, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776. Idan lokacin ɗaukar sababbi ya zo, ɗalibai kan yi ta zagaya gidajen ƙungiyoyin, tsofaffin 'yan ƙungiya na ƙare musu kallo, sannan su keɓe su zaɓi wanda ya kwanta musu. Ana duba sutura da iya magana, da gidan da mutum ya fito, da ko aljihunsa zai ɗauki kuɗin ƙungiya. A Nijeriya irin wannan ta fara ne a Ibadan a 1952, lokacin da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa Pyrates, kafin wasu da suka biyo baya su rikiɗe su zama ƙungiyoyin asiri masu zubar da jini.

Ƙasar Hausa ma tana da tata hanyar tara matasa da ba su matsayi, kuma ta girmi jami'o'in Nijeriya nesa ba kusa ba. A karkarar Funtua, Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi, ita ce ƙungiyar samari da ta 'yan mata. Abin da ya bambanta ta da na Turawa shi ne ƙofarta a buɗe take, sai an shiga ake neman girma, kuma da gumi ake samunsa.

Ba a neman shiga ƙungiyar samari. Yaro ya isa riƙe fartanya, yana kwana a unguwar, bai yi aure ba, to ya zama ɗan ƙungiya. Ɗan mai gari da ɗan talaka dandali ɗaya suke hawa. A ciki ne ake rabon muƙamai, ana kwaikwayon fada: Sarkin Samari, Waziri, Galadima, Madaki, Alƙali. Wannan ba abin mamaki ba ne a ƙasar da Galadiman Katsina ke zaune a Malumfashi, Sarkin Maska kuma ke riƙe da Funtua, yara suna tasowa suna ganin yadda ake gaisuwa da yanke hukunci. 'Yan mata su ma suna da shugabarsu, ga kuma ƙawance, inda yarinya ke zaɓar ƙawa su riƙa musayar kyauta har bayan aure. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin wata tsohuwa a Giwa, maƙwabciyar Funtua, aka buga a 1954, ya nuna yadda wannan zumunci yake ɗaure rayuwar mace.

Gayya ita ce jarrabawar. Mai gona ya kai goro wurin Sarkin Samari, a sa rana, a dama fura, a tuƙa tuwo. Samari su jeru a bakin kunya, makaɗan noma na bin su da ganga suna wasa kowa da kirarinsa, 'yan mata na kallo daga inuwa. A nan babu ɓoyo. Wanda ya riga kai ƙarshen kunya kowa ya gani, rago ma kowa ya gani. Wanda ya ƙi fita ba uzuri, Alƙali ya ci shi tara. Saurayin da zai yi aure kuwa, abokansa ne ke raka shi noman gonar surukai, don haka wanda bai je wa wani ba, ya san ranarsa tana tafe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ƙungiyar ta sa kowa ya san haka tun yana ƙarami. Da kaka, in an kai amfani gida, sai a yi kalankuwa, a yi kiɗa da dambe da kokawa, samari su kwaikwayi hukuma har da gwamna da joji da likita.

Ba za a ce tsarin ba shi da aibu ba. Sau da yawa sarautar samari takan faɗa hannun ɗan gidan sarauta ko na mai hali, domin shugaba sai da riga da goron rabo. Ɗan mahauci ko ɗan maroƙi zai iya fin kowa noma, amma ranar neman aure sai a tuna masa da asalinsa. Tsarance da raye-rayen dare kuwa malamai sun daɗe suna suka, kuma suna da hujja. Duk da haka, talaka yana da fili guda da zai yi suna da ƙarfin damtsensa, ba wanda ya isa ya hana shi shiga.

Abubuwa da yawa suka taru suka raunana ƙungiyar. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua a shekarun 1920, auduga ta kawo kuɗi, ƙwadago da jinga suka fara maye gurbin gayya. Shirin bunƙasa noma na Funtua da Bankin Duniya ya tallafa tun 1975 ya yaɗa takin zamani da noman masara, manyan manoma suka ƙara nisa da ƙanana. Shirin ilimin firamare na bai ɗaya na 1976 ya kwashe yara zuwa aji. Daga baya maganin feshi ya rage aikin cire ciyawa, wanda shi ne ƙashin bayan gayya. Yanzu kuma ta'addancin 'yan bindiga a Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara ya sa taron dare a ƙauye ya zama kasada.

Amma matashi ba ya zama ba jama'a. Abin da ya tsiro a gurbin ƙungiyar samari ne majalisar unguwa, kulob ɗin ƙwallo, kwamitin abokan ango, ƙungiyar ɗaliban gari a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai. Wasunsu suna aikin alheri sosai: gyaran maƙabarta, kai mara lafiya asibiti, karantar da ƙanne a lokacin hutu. Sai dai ma'aunin shiga ya sauya. Yau ana tambayar wace makaranta ka yi, wace waya ke hannunka, za ka iya ɗinka anko, nawa za ka zuba a gudummawa. Yarinyar da ba ta da kuɗin anko, da kanta take janyewa daga bikin ƙawarta. Saurayin da ya wuni a gonar masara ba shi da ta cewa a majalisar 'yan boko. Lokacin zaɓe kuma ɗan siyasa ya zo ya saye shugaban, sauran su zama 'yan rakiya. Ba mu da haruffan Girkanci, amma mun ɗauko tankaɗe da rairayar da ke bayansu.

Babu mai cewa a ajiye injin feshi a koma fartanya. Abin da ya kamata a ceto shi ne ƙa'idar: duk ɗan unguwa ɗan ƙungiya ne, girma kuma na wanda ya fi yi wa jama'a aiki. Masu unguwanni, limamai da shugabannin matasa na Funtua da Malumfashi su duba ƙungiyoyin da ke gabansu, su rage kuɗin shiga, su sassauta anko, su ba manomi da ɗan ƙwadago kujera kusa da mai digiri. Ƙungiyar da ta rufe ƙofa ga talakan unguwarta ba ta gaji ƙungiyar samari ba.