Mai Tafiya A Ƙasa Ba Shi Da Mawaƙi

Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a adabinmu na zamani, wanda nake so 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu su taya ni dubawa. Watau tun da mota ta shigo waƙoƙinmu da labaranmu, sai ta zama mudun auna mutum. In maroƙi zai kambama ubangidansa, sai ya tuna masa motar da ya bayar kyauta. In marubucin soyayya zai nuna mana saurayi ya isa aure, sai ya fara da irin motar da ya tsayar a ƙofar gidan su yarinya. Wanda ba shi da ita kuwa, matsayinsa ɗaya ne: talaka mai jiran ranar da Allah zai yaye masa.

Ba a sama abin ya faɗo ba. A 1975 aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, a shekarar kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, ga kuma rancen mota ga manyan ma'aikata. Daga nan ne 504 ta zama shaidar cewa karatun boko ya yi rana. Marubutanmu suka karɓi wannan mudu ba tare da sun girgiza shi ba.

Marigayi Ɗanmaraya Jos ne ya ɗan kauce. Da ya ɗauki kuntiginsa zai yi wa mota waƙa, sai ya tsallake mai ita, ya tsallake direba, ya sauka kan karen mota, mai lodi da turi da canja taya. Wannan basira ce babba, ban kuwa rage masa komai ba. Amma fa ko shi ɗin, a jikin mota ya tsaya. Fasinjan da ya yi sa'a guda a tasha yana jiran mota ta cika, da wanda ya ga kuɗinsa ba su kai ba ya kama hanya da ƙafa, har yanzu suna jiran mawaƙinsu.

Abin da ya sa nake ganin hasara ce, rayuwar marar mota cike take da kayan da marubuci ke nema. Mai tafiya a ƙasa shi ke ratsa lungunan cikin birnin Kano da na Zariya, inda ko mota ta so shiga ba ta iyawa. Shi ke tsayawa a ƙofar zaure a gaisa, ya ji wa ya rasu, wa ya haihu. A cikin motar haya kuwa, Hausar da za ka ji tsakanin kwandasta da tsohuwar da ta rantse ba za ta ƙara ko sisi ba, ta fi wadda ke cikin rabin littattafan da muke nazari armashi. Sa'an nan ba ruwansa da bakanike, ba ruwansa da layin gidan mai, barci yake yi ba ya tunanin ɓarawon batir.

Kada dai a ce ina yabon talauci. Akwai ranar da rashin mota ke fito da haƙoransa, ita ce ranar da naƙuda ta kama matar mutum da ƙarfe biyun dare, ya fita yana buga ƙofar maƙwabci wanda watakila jiya suka yi cacar baki. A Kano an hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, a 2022 kuma aka hana A Daidaita Sahu fita daga ƙarfe goma na dare. Kowace doka da hujjarta ta tsaro, amma wanda ta fi taɓawa sananne ne. Haka nan da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mai mota ya iya kulle tasa a gida ya huta. Marar mota ba shi da abin kullewa, kuɗin haya ne kawai ya ninka a kansa. Titunanmu ma ba a yi su da shi a rai ba, domin inda aka bar wa mai ƙafa gefe, 'yan tebur sun riga shi.

To, ina wannan mutum a cikin ƙagaggun labaranmu? Na ga inda aka sa shi ya sha rana a babi na ɗaya, don kawai a ba shi makullin mota a babi na ƙarshe. Wannan ba nazarin rayuwarsa ba ne, lallashi ne. Ni a ganina daren nan na buga ƙofar maƙwabci ya ishi ɗalibi mai hannu wasan kwaikwayo guda, da mutum uku kacal: mijin, da maƙwabcin, da matar maƙwabcin wadda ta san inda makullin yake.