Aikin Ɗan Amshi

A Japan akwai ƙungiyar 'yan mata mawaƙa, AKB48, da aka kafa a unguwar Akihabara ta birnin Tokiyo a 2005. Masoyansu ba zuwa kallo kawai suke yi ba. Sukan haddace gaɓar da za su kira sunan mawaƙiya da gaɓar da za su ɗaga sandunan haske, duk a tare. Wanda ya taɓa tsayawa filin biki a Toranke ko Gaya ba zai ji wannan baƙo ba, sai dai a wurinmu sana'a ce sukutum, ta 'yan amshi.

Galibin waƙoƙin baka suna da gindi, wato jimlar da ake komawa gare ta, da 'ya'ya, wato baitocin da jagora yake zubawa. Ɗan amshi yana riƙe da gindin, kunnensa na kan numfashin maigidansa. Da muryar jagora ta fara gangarowa sai ya ja iska, ta yadda amshi zai faɗo daidai inda ɗan waƙa ya dire. Ya yi gaggawa, ya taka maganar maigida. Ya makara, waƙa ta yi giɓi. Babu mai ɗaga masa hannu.

Sau da yawa kuma shi ne makaɗin. Kalangu na rataye a hammatarsa, yana matse tsarkiya, igiyoyin fatar da suka haɗa bakuna biyu, sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, har gangar ta bi karin magana. Hannu na kiɗa, hammata na matsa, baki na amshi. Haka mutanen Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, suke kwana a tsaye suna yi, ga masu liƙi suna kutsowa, ga sanƙira yana kwarara kirari a kansu.

Mutanen Musa Ɗanƙwairo, makaɗan kotso, nasu aikin ya fi wuya a ganina. Ba gindi kaɗai suke maimaitawa ba. Jagora zai fara ɗa ya sake shi a tsakiya, su karɓe su ƙarasa, wani lokaci har su yi ƙari. Wannan sai wanda ya haddace waƙar duka, ya kuma shekara yana bin maigida gari-gari. Mai zaman dakali da yake cewa amshi ai maimaici ne, a ba shi kalangu ya gwada waƙa guda.