Gajimare Bai Kashe Girid Ba

Tun da kamfanin Amazon ya fara ba da hayar kwamfutoci ta intanet a 2006, wani ra'ayi ya samu gindin zama a wurin masu tsara hanyoyin sarrafa bayanai masu yawa: wai zamanin girid, wato haɗa kwamfutocin cibiyoyi daban-daban su yi aiki tare, ya wuce, a kwashe komai a kai gajimare, wato kwamfutocin haya na kamfani guda, a huta. Da aka daina kula da manhajar girid ta Globus Toolkit a 2018, wasu sun ce an yi jana'iza ke nan. Ban yarda ba, kuma hujjata tana cibiyar binciken CERN da ke kusa da Jeniba.

Na'urar LHC ta wannan cibiya, mai sa ƙananan ƙwayoyi su yi karo da juna, tana fitar da bayanan da cibiya ɗaya ba za ta iya ɗauka ba, don haka aka raba aikin hawa-hawa. CERN ce mataki na farko, ita ke ajiye kwafin asali. Daga nan bayanan su bi wayoyin faiba zuwa manyan cibiyoyi goma sha wani abu a ƙasashe irin su Jamus, Faransa da Amurka, waɗanda ke riƙe da kwafi na biyu. Ƙasa da su akwai jami'o'i da ɗakunan bincike masu yin nazari. Jimilla wurare kusan 170 ne a ƙasashe sama da 40, kuma a kansu aka tace bayanan da suka kai ga gano ƙwayar Higgs a 2012. Abin da ya fi muhimmanci a wannan tsari shi ne ba mai shi ɗaya. Gayya ce: kowace ƙasa ta zo da kayan aikinta, ta yi alkawarin abin da za ta bayar kowace shekara, injinan kuma suna nan a gida, a hannun injiniyoyinta. Gwamnati ta fi sakin kuɗi idan za a kashe su a ƙasarta, kuma ɗalibin da ya koyi kula da irin wannan rumbun bayanai ya zama dukiyar ƙasar har bayan an gama binciken. Mai zana tsari da ya kalli saurin injin kawai, ya manta da wa ke biya da wa ke da iko da bayanan, rabin aikin ya yi.

Masu suka suna da gaskiyarsu. Girid yana da wahalar sha'ani: takardun shaidar shiga sun daɗe suna gallabar masu bincike, kuma idan wata jami'a ta yi sakaci da injinanta, aikin wani a wata nahiya ya tsaya. A gajimare kuwa, mutum zai ɗauki injina dubu da safe ya mayar da yamma. Ga ƙaramin kamfani, ko aikin 'yan makonni, wannan ne zaɓin hankali. Amma binciken da zai yi shekaru talatin, injinansa suna aiki dare da rana, lissafinsa daban ne. Haya tana daɗi ne idan buƙata tana hawa tana sauka. Ga kuma kuɗin da ake caja idan za a fitar da bayanai daga rumbun kamfani, wanda ke sa shiga ta yi sauƙi, fita ta yi tsada.

Shi kansa girid ɗin bai tsaya wuri ɗaya ba. Da hanyoyin sadarwa suka inganta, an sassauta dokar hawa-hawa, cibiyoyi suka fara musayar bayanai kai tsaye, ana kuma hayar gajimare idan aiki ya yi yawa. Wannan ne tsarin da nake goyon baya: mallaka a rarrabe, haya a matsayin ƙari. Masu gina na'urar hangen sararin samaniya ta SKA a Afirka ta Kudu da Ostireliya, duk da gajimare yana gabansu, sun zaɓi kafa cibiyoyin bayanai na yankuna a ƙasashe mambobi, waɗanda za su yi aiki tare.