Lorraine Hansberry: Sarrafa Harshe da Hoton Ɗan Afirka a Wasan A Raisin in the Sun

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan muƙala ita ce nazarin yadda Lorraine Hansberry (1930-1965), marubuciyar wasan kwaikwayo da fim ta ƙasar Amurka, ta sarrafa harshe a bakin taurarinta. Abin da za a yi ƙoƙarin tabbatarwa shi ne, ta ƙware wajen kama maganar Baƙar Fatar Amurka, amma da ta zo kan ɗan Afirka sai alƙalaminta ya yi rauni.

2.0 Taƙaitaccen Tarihinta

An haife ta a birnin Shikago. Tun tana ƙarama mahaifinta, Carl Hansberry, ya sayi gida a wata unguwa da Turawa suka ƙulla yarjejeniyar hana baƙaƙe zama. Rigimar ta kai Kotun Ƙoli, inda ya yi nasara a 1940. Baffanta, William Leo Hansberry, malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, kuma Nnamdi Azikiwe na cikin ɗalibansa. A 1950 ta bar Jami'ar Wiskonsin ta koma Niyok, inda ta yi aiki da jaridar Freedom ta Paul Robeson.

A 1959 aka fara nuna wasanta a Broadway, babbar cibiyar wasannin dandamali ta Niyok, kuma ita ce baƙar mace ta farko da ta sami wannan dama. Ita ta rubuta fim ɗin wasan na 1961, sai dai kamfanin Columbia ya zubar da wasu fitowa da ta ƙara kan wariyar launin fata. Haka ma The Drinking Gourd, wasan talabijin kan bauta da ta rubuta wa tashar NBC, ba a nuna shi ba. Ciwon daji ya yi ajalinta tana da shekara 34.

3.0 Harshe a Gidan Younger

Wasan ya ginu ne kan dala 10,000 ta inshorar maigidan da ya rasu, da saɓanin iyalinsa kan yadda za a kashe ta. Marubuciyar ta ba kowane tauraro irin tasa magana. Uwa, Lena, tana amfani da karin harshen baƙaƙen kudu, mai cike da ambaton Ubangiji. Ɗanta Walter, direban wani attajiri, maganarsa ta titi ce, gajera mai zafi. 'Yarta Beneatha, mai burin zama likita, Ingilishin makaranta take yi. Ta haka mai kallo kan gane tazarar shekaru da ilimi da ke tsakaninsu ba tare da an faɗa masa ba. Shi kuwa Lindner, wakilin Turawan unguwar da iyalin za su koma, da lafazi mai taushi ya zo musu da tayin kuɗi don su fasa tarewa. A nan ladabin baki ya zama makamin wariya.

4.0 Matsalar Asagai

Joseph Asagai ɗalibi ne Bayarabe daga Nijeriya mai neman auren Beneatha. Dole a yaba wa Hansberry, domin ta kawo ɗan Afirka mai ilimi da mutunci a zamanin da finafinan Amurka ke nuna shi a matsayin ɗan daji. Ta kuma yi hangen nesa, ganin cewa shekara guda kafin 'yancin 1960 ta sa shi da Beneatha suna muhawara kan azzaluman cikin gida da za su gaji Turawan mulkin mallaka. To amma maganarsa ba ta da gida. Ba a jin karin Ingilishin Nijeriya a cikinta, kuma kusan duk jawabinsa wa'azi ne. Sauran taurarin mutane ne masu aibi. Shi kuwa ra'ayi ne aka sa wa riga.

5.0 Kammalawa

Harshen gidan Younger ta tashi tana jin sa da kunnenta, na Asagai kuwa daga karatu da aƙida ta samo shi. Wannan bai rage darajar wasan ba, amma ya nuna wa manazarta cewa ƙaunar wata al'umma ba ta wadatar da marubuci sai ya san yadda take magana.