Wane Kwano Za A Fara Buɗewa? Nazari A Kan Ciyayya A Birni

A wata walimar aure da aka yi a Kano kwanakin baya, aka miƙa wa kowannenmu 'yar farar robar nan ta tekawe, da cokali an ɗaure a kanta da kyauro. Wani abokina da ke gefena, ɗan boko mai yawan tafiye-tafiye, ya ɗaga tasa ya ce, "Ka ga ci gaba, Malam. Kowa da nasa, ba mai tsoma maka hannu. Ciyayyar nan da kuke ta kewa ai ƙazanta ce da talauci, kuma zamani ya binne ta." Ban tanka masa a wurin ba, don ba a gardama da loma a baki. Amma maganar ta tsaya mini a rai, musamman da yake na sha jin kishiyarta daga bakin dattawa, masu cewa magidancin da ya zauna a bencin mai tuwo ya zubar da girmansa, wai tuwon saye na gwauro ne. Ɗan boko ya raina zaure, dattijo ya raina rumfa. A ganina duka biyun ba su tsaya sun kalli abin da suke rainawa ba, kuma da sun kalla, da sun ga abu ɗaya ne ya sauya mazauni.

Ciyayya dai ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Magidantan layi guda ne, bayan sallar magariba ko isha, kowa a fito masa da kwanonsa daga cikin gida, a taru a zauren babban unguwa ko a kan dakalin ƙofar masallaci, a ci tare. Samari da nasu gungun, yara da nasu. Mata kuwa tasu ciyayyar a kan yara take tafiya, kwano ya fita ta wannan ƙofa ya shiga waccan, kuma ba a mayar da shi haka nan ba komai.

Shi ma cin abinci a waje ba jiya Kano ta san shi ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi take tara fatake, kuma bafatake ba ya yawo da murhu. Mai masauki ne ke ci da shi daga tukunyar gidansa. Wani masani, Abner Cohen, ya tarar da wannan tsari da ransa a unguwar Sabo ta Ibadan, inda masu gida ke ba fataken shanu da na goro wurin kwana da abinci, ya rubuta shi a littafinsa na 1969. A wannan shekarar ce kuma wata masaniya, Polly Hill, wadda ta yi zama a Batagarawa, ta yi rubutu kan cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida, wanda kaso mai tsoka nasa dafaffen abinci ne da yara ke fita talla da shi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai 'yan ci-rani da leburori suka ƙaru, daga baya masana'antun Bompai da Sharaɗa suka zo da dubban ma'aikata da ba sa komawa gida da rana. Ta haka tuwon gida ya fito bakin titi ya kafa rumfa. Gidajen abinci irin na Turawa, masu teburi da kujera da faranti ɗai-ɗai, baƙi ne na baya-bayan nan. Mr Bigg's ma sai a 1986 ya buɗe a Legas. To wanda ya ce tuwon saye baƙon abu ne, ya sake duba tarihi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a ciyayya, wanda kuma ban taɓa ganin an tsaya an yi masa nazari ba, shi ne tsarin buɗe kwano. A zauren da na tashi, a cikin ganuwa, kwanuka kan kai bakwai ko takwas a jere gefen tabarma: akwai samira mai sheƙi, akwai langa da fentinta ya fara ɓarewa, akwai akushi guda ɗaya da faifai a kansa. Ba a taɓa buɗe su gaba ɗaya. Ɗaya ake jawowa tsakiya, a cinye shi tas, sannan a jawo na biyu. Wanda ke da ikon cewa a jawo wane, shi ne dattijon zauren, kuma ba ya ambatar sunan mai kwano. Da haɓa yake nuni, ya ce, "Kai yaro, miƙo wancan."

Sai da na girma na lura cewa "wancan" na farko kusan kullum kwanon mutumin da ya fi kowa ƙaramin ƙarfi ne a layin. Tuwon dawa ne, miyar kuka ce da daddawa kawai, wani lokaci ko ɗigon mai babu. Shi ake fara sa wa hannu, lokacin da kowa ya kwaso yunwar wuni, don haka ba ya minti biyar a tsakiya. Har wani ya sa yatsa ya suɗe gefen. Kwanon Alhaji mai tuwon shinkafa da miyar taushe, da man shanu yana naso a sama, shi ne na ƙarshe, lokacin da cikuna sun fara nauyi, kuma sau da yawa da saura ake miƙa wa yara da almajirai. Mai gaggawa zai ce an yi wa Alhaji rashin adalci. Alhaji bai rasa komai ba, don unguwa duk ta san tukunyar gidansa. Wadda abin ya shafa ita ce matar da ke bayan katanga tana jiran a dawo mata da langarta. Mace takan karanta kwano idan ya dawo. In ya dawo wayam, ta san mijinta ya zauna cikin maza da kansa a ɗage. Da an buɗe kwanukan lokaci guda, hannaye za su bi man shanu, nata ya dawo da rabin malmala a sandare, kuma wannan rabin malmala magana ce da ta fi zagi ciwo.

Dabarar ba ta tsaya nan ba. Idan dattijon ya ga miyar kwanon farko ta yi ƙaranci, yakan sa a buɗe wani kwanon a tsiyayo tasa a kai, ya fake da cewa, "Waccan ta fi zafi, kada ta huce." In aka zo kan nama, ba mai kai hannu. Ana ture tsoka zuwa tsakiya har a gama tuwo, sannan babba ya yayyaga da hannunsa ya ajiye wa kowa a gabansa, mai kwanon naman ya samu daidai da wanda rabon gidansa da nama tun Layya. Ranar da wani ya fito hannu rabbana, jimla ɗaya ake jira daga gare shi, "Yau mai ɗakin ba ta jin daɗi," a ce "Allah Ya sawwaƙe," a matsa masa wuri. Kowa ya san buhun ne ya ƙare, kuma ba wanda zai nuna ya sani. Su ma ƙa'idojin da ake koya wa yaro a gaban kwano, ya yi bisimilla, ya ci da dama, ya ci gabansa, waɗanda suka zo a hadisin Umar ɗan Abu Salama, a nan suke samun wurin aiki. Mai faranti shi kaɗai, gaban wa zai tsallaka har a kwaɓe shi?

A nan ne kuma santi yake zaune. Mutum ya kai loma ta uku, sai ka ji ya ɗaga kai ya ce, "Wai ni kam, gadar nan ta Ƙofar Nasarawa, da ƙafa nawa take tsaye?" Zaure ya kwashe da dariya, a ce santi ya kwashe Malam. Masu ɗaukar santi a matsayin shirme ba su bi sawunsa ba. Bahaushe mai kunya ba ya iya buɗe baki ya ce matar maƙwabcinsa ta iya girki. Maganar ba ta da kyawun ji. Sai al'ada ta buɗe masa wata ƙofa. Yaron da ya mayar da kwano shi zai kai labari cikin gida, "Inna, yau har santi aka yi a kan miyarki," yabo ya isa inda aka nufa ba tare da kowa ya ketare iyaka ba. Na sha zargin cewa wasu dattawan da gangan suke yin santin a kan kwanon farko. Santi kuwa ba ya yiwuwa sai da mai kama ka. Wanda ya ci a mota da gilas a rufe, ko ya yi, ya tashi a banza.

Abokina ya ce zamani ya binne wannan duka. Ya shiga Kantin Kwari ko Singa da azahar ya gani. Yaran shago huɗu ko biyar sukan haɗa kuɗi, wani ya ba da dubu, wani ɗari biyar, wani ya ce "ku sa mini, gobe ni ne," a aika wurin mai abinci a zubo garau-garau ko ɗanwake a faranti guda, a ajiye a kan dilar atamfa a kewaye shi. Da zarar an juye a farantin, ba mai iya nuna inda dubu ta ƙare ɗari biyar ta fara. A rumfar mai tuwo ma haka. Ka zauna a benci ka ce, "Hajiya, malmala biyu, a haɗa mini kuka da kuɓewa," na kusa da kai ya turo kwanonsa ya ce "Bisimilla," ka ce "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." Ka gama ka sa hannu a aljihu, Hajiya ta ce, "An biya maka," wanda ya biya kuwa ya riga ya sha kwana don kada ka yi masa godiya. Ita kanta Hajiyar ta gaji aikin dattijon zaure. Ta san wanda kasuwa ta juya wa baya, takan ƙara masa gyara ba tare da ta ɗaga kai ba, ta jefa masa ɗan tantaƙwashi a ƙarƙashin miya, bashinsa kuma a kanta yake, ba ta karanta shi a gaban mutane. Teburin mai shayi da daddare, da Indomie da ƙwai a faranti ɗaya da cokula uku, jikan zaure ne ko da bai san kakansa ba.

Don haka dattijon da ke kiran wannan tuwon gwauro ya kamata ya yi wa birni adalci. Mutumin da ke kwana a Rijiyar Zaki yana kasuwa a Sabon Gari ba zai koma gida cin rana ba. Abin tambaya a kansa shi ne ko da ya zauna ci ya ce wa na kusa da shi bisimilla.

Batun ƙazanta kuwa, gaskiyar da ke cikinsa 'yar kaɗan ce, kuma maganinta na da arha. Kwalara da taifot ta gurɓataccen ruwa da abinci da hannun da ba a wanke ba suke shiga, kuma suna iya shiga robar tekawe kamar yadda suke shiga akushi, in mai zubawa bai wanke nasa hannun ba. Abin da ya kamata a yi wa yaƙi shi ne kwanon wanke hannu guda da mutum goma ke tsomawa, ruwan ya koma kamar kunu. A kawo buta da sabulu, a zuba wa kowa ruwa mai gudu, mai mura ya ɗebi nasa a gefe. Shi ke nan an gama da wannan hujja.

Inda na fi sa ƙafa in tsaya shi ne zancen talauci, don a nan abokina ya faɗi gaskiya ba da niyya ba. Ƙwarai ciyayya ta san talauci, don shi aka gina ta. Muna da hanyoyin taimako da yawa, zakka da sadaka da rabon kayan azumi, amma kowannensu yana da mai bayarwa da mai karɓa, kuma yanzu har da mai ɗaukar hoto. Ciyayya ce kaɗai na sani da mutum zai ci naman maƙwabcinsa shekara ashirin ba a taɓa kiransa mabuƙaci ba, saboda shi ma da kwanonsa ya zo, kuma nasa aka fara cinyewa. Sunan wannan a Hausa rufin asiri, kuma ni ban san wata dabara da Bahaushe ya ƙirƙiro da ta kai ta ba. Faranti ɗai-ɗai yana yin akasin haka. A gidan abinci mai teburi, dole ka faɗa da bakinka, ma'aikaci na tsaye da biro, cewa kai ba nama, na gefenka kuma a kawo masa rabin kaza, kowa ya ga aljihun kowa.

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 kwanon masara da na shinkafa suka yi tashin da kowa ya ji a jikinsa, gidajen da ke ɗora tukunya sau ɗaya a wuni sun ƙaru, kuma da yawansu gidajen masu kara ne da ba za su taɓa bin layin rabo ba. Irin waɗannan ba a isa gare su da buhu da kyamara. Ana isa gare su da tabarma a ƙofar gida. Mai hali a layinku, ka bar cin naka a falo kai da talabijin. Ka sa a fito da shi waje bayan magariba, ka aika a kira maƙwabta kowa ya zo da abin da ya sawwaƙa, in an jera kwanuka kuma ka tuna naka ne na ƙarshe.